Lamba Biyu: Tarihin Shehu Abdullahi a Fagen Ƙwallo

A gidajen kallon ƙwallo na Jimeta, daga Jambutu zuwa Dubeli, in musu ya kaure kan 'yan Arewa da suka ɗaga sunan Najeriya a fagen tamaula, Ahmed Musa ake fara kira. Dattawan wurin su kawo Tijjani Babangida da Garba Lawal, wani ya tuno da Sani Kaita. Sai an jima, wani lokacin ma sai an kusa tashi, kafin a ji an ce, "To, Shehu Abdullahi fa?" Haka rabon mai tsaron baya yake. Ɗan gaba ya ɓarar da ƙwallo biyar ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya ya tare hari goma, ɗaya ta kuɓuce masa, ita za a riƙe. Amma duk wanda ya bi ƙwallon Najeriya daga 2013 zuwa 2022 ya san cewa John Obuh, da Stephen Keshi, da Sunday Oliseh, da Samson Siasia, da Gernot Rohr, da Augustine Eguavoen, kowannensu da salonsa da irin mutanen da yake so, duk sun kira wannan Basakkwace sun ba shi riga. Koci ɗaya yana iya son yaro don son rai. Shida ba za su haɗu a kan banza ba.

An haifi Shehu a Sakkwato ranar 12 ga Maris, 1993. Abin da ya sa tarihinsa ya fi na wasu kusa da yaran unguwanninmu shi ne hanyar da ya bi. Ba a ɗauke shi yana ɗan shekara goma sha biyar an kai shi makarantar ƙwallo a Turai ba, ba kuma a can aka haife shi ba kamar yawancin abokan wasansa na baya a Super Eagles. A gasar gida ya gasu, a filayen da ƙasa ta fi ciyawa yawa, da doguwar tafiyar mota daga wannan gari zuwa wancan, da albashin da ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. A Kano Pillars aka san shi, daga 2012, kuma ya shigo ne daidai lokacin da Sai Masu Gida ke kan ganiyarsu. Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2012, ta sake a 2013 a hannun Mohammed Babaganaru, ta kuma ƙara a 2014 a hannun Okey Emordi. A wancan zamanin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata wuri ne da baƙo ke shiga da fargaba, domin ƙungiyar ta yi sama da shekara goma ba a doke ta a gida a gasar ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Wanda ya samu gurbi a cikin Rabi'u Ali da Gambo Mohammed da mai tsaron raga Theophilus Afelokhai, a gaban 'yan kallon Kano da ba sa ɓoye fushinsu, ya riga ya ci jarrabawa babba kafin ya san hanyar filin jirgi.

Tun a nan halinsa na wasa ya bayyana. Ana sa shi a tsakiya ya tare wa 'yan baya, ana sa shi a gefen dama, lamba biyu, kuma duk inda aka ajiye shi sai ya zauna kamar can aka haife shi. Ba mai yawan yanka ba ne, ba ya neman tafi. Yana karanta inda ƙwallo za ta faɗa, ya riga mai ita isa, ya miƙa wa na kusa. Irin wannan ɗan wasa koci ke so, 'yan kallo kuwa ba sa lura da shi sai ranar da ba ya nan.

A 2013 John Obuh ya tafi da shi Turkiyya gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, inda Flying Eagles suka tsallake rukuni suka faɗi a hannun Uruguay da ci 2 da 1 a zagaye na biyu. Amma gasar da ta buɗe masa ƙofa ita ce CHAN ta Janairun 2014 a Afirka ta Kudu, wadda ake yi da 'yan wasan da ke buga gasar ƙasarsu kawai. Wannan ne karon farko da Najeriya ta samu zuwa, kuma Stephen Keshi, wanda shekara guda kafin nan ya ɗauko kofin Afirka, shi ya ja tawagar. Keshi kansa tsohon mai tsaron baya ne, kyaftin ɗin Najeriya na shekaru, kuma ya yi imani da 'yan gida fiye da yawancin waɗanda suka riƙe aikin. Wanda ya kalli wasan Moroko a birnin Cape Town ba zai manta ba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura wa Najeriya uku ba ko ɗaya, mutane da yawa suka miƙe daga benci suka kama hanyar gida. Aka dawo, Ugonna Uzochukwu ya rama ɗaya, Rabi'u Ali ya ƙara, Ejike Uzoenyi ya farke ta uku ana dab da tashi, sannan a ƙarin lokaci Aliyu Ibrahim ya ci ta huɗu. Ghana ta fitar da mu a bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe, muka doke Zimbabwe 1 da nema muka zo na uku. Wannan ce tagullar Shehu ta farko da babbar ƙungiyar ƙasa, kuma a ƙarƙashin mutumin da ya fi kowa sanin abin da ake nema a wurin ɗan baya.

Daga nan aka fara yawon ƙetare. A 2014 ya koma Qadsia ta Kuwaiti, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar, wadda a shekarar ta ɗauki kofin AFC na nahiyar Asiya. Masu sharhi da yawa kan raina irin wannan tafiya, su ce yaro ya je neman kuɗi ya bar ƙwallo. Ni ban ga laifi ba. Wanda ya fito daga gasar da ake bin bashin albashi, yana da iyaye da ƙanne a bayansa, ba za a ce masa ya jira Turai ta tuna da shi ba. Kuma bai daɗe ba. A 2015 ya isa Fotugal, ƙungiyar União da Madeira, a tsibirin da aka haifi Cristiano Ronaldo. Ƙaramar ƙungiya ce da ta hauro babbar gasa a shekarar, ta kuma koma ƙasa a ƙarshen kakar. Ga mai tsaron baya, ƙungiya mai fafutukar tsira makaranta ce, domin irin su Benfica da Porto da Sporting ne ke taso maka, kuma mafi yawan wasan a gidanka ake buga shi. A wannan lokacin ne Sunday Oliseh ya sa shi a wasannin share fagen kofin duniya da Swaziland a Nuwamban 2015, inda ya karɓi katin gargaɗi guda. A riƙe wannan katin, zai dawo.

Gasar Olamfik ta Rio a 2016 ita ce inda sunansa ya shiga kunnen waɗanda ba su damu da gasar gida ba. Labarin tafiyar kansa abin kunya ne ga masu riƙe da harkar wasanni a ƙasar nan. Tawagar Samson Siasia ta yi atisaye a birnin Atlanta na Amurka, ranar tafiya ta zo babu jirgi, saboda rikicin kuɗi. Aka yi ta ɗagawa har ranar wasan farko, 4 ga Agusta, suka sauka Manaus, a tsakiyar dajin Amazon mai zafi da laima, sa'o'i kaɗan kafin a busa usur. Da wannan gajiyar suka shiga fili suka doke Japan 5 da 4, Oghenekaro Etebo ya ci huɗu, Sadiq Umar ɗan Kaduna ya ci ɗaya. Suka doke Suwidin 1 da nema, Kolombiya ta doke su, suka cire Denmak da ci 2 da nema, Jamus ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar 20 ga Agusta a Belo Horizonte suka doke Honduras 3 da 2, Sadiq ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Wannan tagulla ita ce lamba ɗaya tilo da Najeriya ta dawo da ita daga Rio a dukkan wasanni. Wani likita ɗan Japan, Katsuya Takasu, da labarin wahalarsu ya taɓa shi, ya taso takanas ya ba su kyautar dala 390,000. Baƙo daga wata uwa duniya ya ga abin da yaran suka yi, ya girmama su kafin nasu su girmama su.

Bayan Rio ya koma tsibirin Saifurus, ƙungiyar Anorthosis Famagusta. Ita kanta ƙungiyar 'yar gudun hijira ce: tun 1974, da sojojin Turkiyya suka shiga arewacin tsibirin, ta bar garinta na Famagusta, kuma a Larnaka take buga wasanninta na gida har yau. Mutanen Adamawa da suka ga 'yan'uwansu na Mubi da Michika da Madagali sun kwararo Yola a 2014 ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da wannan ke nufi. A nan Shehu ya samu wasa a kai a kai, a nan kuma Gernot Rohr, Bajamushen da ya karɓi Super Eagles a 2016, ya same shi.

Rukunin da Najeriya ta faɗa a neman zuwa kofin duniya na Rasha ba na wasa ba ne: Aljeriya, da Kamaru, da Zambiya. Kamaru kuma ta zo ne da kofin Afirka da ta ɗauka a Gabon a Fabrairun 2017. A Yola wasan Najeriya da Kamaru ba kamar a sauran garuruwa ba ne. Binuwai ɗaya muke sha da Garwa, akwai auratayya, akwai kasuwanci, kuma a gidan kallo ɗaya sai ka tarar da maƙwabta biyu kowa da tasa tutar. Ranar 1 ga Satumba, 2017, a filin Godswill Akpabio da ke Uyo, Rohr ya jera Shehu a dama, Leon Balogun da William Troost-Ekong a tsakiya, Elderson Echiejile a hagu, Ikechukwu Ezenwa a raga. Ighalo, da Mikel, da Victor Moses, da Iheanacho suka ci, aka tashi 4 da nema. An yi ta maganar huɗun, amma nemar ita ce aikin 'yan baya, a gaban zakarun nahiya. Kwana uku bayan nan a Yawunde aka yi kunnen doki, 1 da 1, Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport ta Garwa, ya farke da fenareti.

Sai ranar 7 ga Oktoba, Zambiya a Uyo. Wasan ya yi tsauri. Zambiyawa sun zura ƙwallo a zagayen farko aka ce satar gida, kuma har aka haura minti 70 babu ci. Sai Victor Moses ya riƙe ƙwallo a gefen dama, 'yan bayan Zambiya suka zuba masa ido. Shehu ya taso da gudu daga baya ya wuce ta gefensa, Moses ya tura masa. Wani a nan zai ɗaga ta sama ya ce Allah ya kai ta kan wani. Shi ya kai ta kusa da layin ƙarshe, ya ɗaga kai, ya mayar da ita baya a ƙasa, daidai ƙafar Alex Iwobi da ya shigo daga benci. Iwobi bai tsayar ba, ya karkata ƙafa ya aika ta raga. Da wannan ƙwallo Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbi a kofin duniya na 2018. Hoton Iwobi ne ya cika jaridu, kuma ya cancanta. Amma gudun nan mai tsawo, a minti na saba'in da wani abu, bayan an sha tsere da 'yan gefen Zambiya tun farkon wasa, shi ne ainihin aikin lamba biyu na zamani: ka tsare gidanka, sannan ka sami numfashin zuwa gidan wani, kana sane da cewa in ƙwallon ta ɓace kai za a tambaya me ya fitar da kai.

A wannan wasan ne kuma ya karɓi katin gargaɗi. Da na Swaziland sun zama biyu, kuma dokar FIFA ta ce mai kati biyu zai huta wasa na gaba. Ba wanda ya lura a hukumar ƙwallon Najeriya. Aka sa shi a wasan ƙarshe da Aljeriya a birnin Constantine ranar 10 ga Nuwamba, aka tashi 1 da 1. A Disamba FIFA ta ba Aljeriya wasan da ci 3 da nema, ta ci tarar hukumar kuɗin Suwizalan faran 6,000. Allah ya sa mun riga mun tsallake, maki 13 suka rage mana, ba abin da ya canza. Sunan Shehu ne ya yi yawo a kafofin labarai na duniya, kuma wannan bai yi mini daɗi ba. Lissafin kati na shekara biyu, tsakanin koci uku ko huɗu, aikin ofis ne, akwai waɗanda ake biya don shi. Da a ce da maki ɗaya muka tsallake, da an rataya wa bawan Allah laifin da ba nasa ba har ƙarshen rayuwarsa.

A Janairun 2018 ya koma Bursaspor ta Turkiyya, ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasar a 2010, inda ya tarar da Troost-Ekong. Wannan tana cikin manyan gasannin da ya zauna a cikinsu. A watan Yuni ya tafi Rasha, ya buga wasan farko da Kuroshiya a Kaliningrad ranar 16 ga wata. Aka ci mu 2 da nema, ɗaya Etebo ya ci gida, ɗaya Luka Modric da fenareti, dukkansu daga bugun kusurwa suka samo asali. Rohr ya sauya tsari ya koma 'yan baya uku, ya mayar da Victor Moses gefen dama yana hawa yana sauka, Shehu ya koma benci. Sauyin ya yi amfani, domin daga gudun Moses a wannan gefen Ahmed Musa ya ci ta farko a cikin biyun da ya zura wa Aisland. Ajantina ta kore mu da ƙwallon Marcos Rojo ana saura 'yan mintuna. Kuroshiyar nan kuwa har wasan ƙarshe ta kai. Minti casa'in ke nan rabon Shehu a kofin duniya, kuma ba a ji ya fito yana ƙorafi ba.

Shekarar 2019 ta zo masa da nauyi. Bursaspor ta faɗa rukuni na biyu. A gasar kofin Afirka ta Masar, Rohr ya fara da shi a wasan Burundi a Iskandariyya ranar 22 ga Yuni, amma kafin hutun rabin lokaci rauni ya fitar da shi, Chidozie Awaziem ya shiga ya kuma riƙe gurbin. Najeriya ta faɗi a hannun Aljeriya da bugun tazarar Riyad Mahrez a daƙiƙar ƙarshe, ta doke Tunisiya ta zo na uku. Tagulla ta uku ke nan: CHAN, Olamfik, kofin Afirka. A lokacin Ola Aina na tasowa, ga Tyronne Ebuehi, duk yaran da suka tashi a Turai, gurbin lamba biyu ya cika da masu nema.

Ya koma Saifurus a 2020, wannan karon Omonia ta birnin Nikosiya, kuma a nan ya ɗauki kofunan da Turai ta hana shi a baya. A hannun Henning Berg, tsohon ɗan bayan Blackburn da Manchester United, Omonia ta lashe gasar ƙasar a kakar 2020/2021, karon farko tun 2010, ta kuma buga rukunin gasar Europa da PSV, da Granada, da PAOK. A 2022 ta ɗauki kofin ƙalubale a hannun Neil Lennon.

Akwai abu guda da ya tsaya wa mutanen nan a rai. Gasar kofin Afirka ta Janairun 2022 a Kamaru aka yi, kuma rukunin Najeriya a Garwa ya zauna, a filin Roumdé Adjia, nan ƙofar gidanmu. Jama'a daga Yola da Jimeta da Mubi suka yi ta tsallakawa. Eguavoen ya sa sunan Shehu a jerin farko, amma kafin a fara gasar ya fita daga tawagar tare da Osimhen, da Balogun, da Emmanuel Dennis, Ebuehi ya maye gurbinsa. Wurin da zai fi ko'ina jin ana kiran sunansa da Hausa daga kujerun 'yan kallo, nan ne bai samu zuwa ba. Ya dawo a watan Maris, ya shigo daga benci a wasan Ghana a Abuja ranar 29 ga wata, wanda aka tashi 1 da 1 muka rasa zuwa kofin duniya na Ƙatar. Daga nan ya yi ɗan zama a Levski Sofia ta Bulgeriya, wanda bai yi tsawo ba.

A kakar 2023/2024 ya dawo Kano Pillars. Ƙungiyar ba yadda ya bar ta take ba, domin ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta hauro a 2023. Shekara guda bayan dawowarsa Ahmed Musa ma ya dawo. Shehu, mutumin da ya tsaya gaban Modric da Perisic, ya koma hawa motar ƙungiya zuwa Aba da Ilorin da Gombe, yana tsaye kusa da yaran da suka gan shi a talabijin suna firamare. Matashin ɗan baya da ya yi kaka ɗaya a gefen irin wannan mutum zai koyi lokacin shiga da lokacin jira, abin da allon koci ba ya koyarwa.

Hanyar da Shehu ya bi tana da matakala a bayyane: ƙungiyar da ke babbar gasar gida, daga ita sai ƙananan ƙungiyoyin ƙasa da CHAN, daga nan sai waje. Matakin farko shi ne muka rasa a nan. Adamawa United ta hau gasar Firimiyar Najeriya a 2019, amma sai da ta riƙa kai wasanninta na gida filin Pantami a Gombe, ta kuma faɗo a 2021. Yaran da ke buga ƙwallo da yamma a filayen makarantu na Jimeta da Yola, cikin ƙura da zafin Afrilu, akwai masu tsawo da ƙarfi da natsuwar da aikin baya ke nema, amma mai neman 'yan wasa ba ya zuwa inda babu babban wasa. Ina kira ga gwamnatin jiha da masu hannu da shuni na Adamawa su samar da fili a Yola da hukumar gasar za ta amince da shi, su riƙe ƙungiyar jiha da albashi a kan lokaci har ta koma sama ta zauna. Masu horar da yara a unguwanni kuma, in kun ga yaro mai haƙuri da karanta wasa, kada ku tura shi gaba don kawai kowa na son cin ƙwallo. Ku bar shi a baya, ku koya masa aikin da kyau.